Tayil Mai Sheƙi da Tayil Mai Kaushi

Mama tana zaune a falo tana ɗaure ƙafar tabaraunta da zare, sai ga Auta ta turo ƙofa da gwiwa, rungume da wani kwali, tana nishi. Auta ita ce ƙaramar 'yarta, malamar makaranta ce, tana aure a can ɗaya gefen gari, kuma ba ta saba zuwa a tsakiyar mako ba.

"Me kika kwaso haka kamar mai ƙaura?"

"Tayil ne, Mama. Samfuri aka ba ni ki zaɓa."

"In zaɓa in yi me da shi?"

"Yaya ya ce a canza miki daɓen gidan nan. Duk yanzu an daina yayin irin wannan."

Mama ta sa tabarau ta dubi ƙasa. Daɓen tarazo ne, mai 'yan duwatsu fari da baƙi da ja, wanda marigayi mijinta ya sa aka zuba tun babban ɗansu yana rarrafe. Ban da wata 'yar tsaga a bakin ƙofar kicin, babu abin da ya same shi. A kansa yaran suka koyi tafiya, a kansa aka yi zaman makokin ubansu, kuma ba ta taɓa jin wani ya ce masa kanzil ba.

Auta ta durƙusa ta shiga jera samfurin ɗaya bayan ɗaya. Akwai dogo siriri mai kama da katako, har da idon itace a jikinsa. Akwai mai kusurwa shida kamar saƙar zuma. Akwai wani toka-toka marar ƙyalli, sai kuma wani guntu fari tas mai jijiyoyin ruwan zinare, yana sheƙi har Mama ta ga fankar sama tana juyawa a cikinsa.

"Wannan na katakon, gara ba za ta ci ba?"

"Ba katako ba ne, Mama, zane ne kawai."

"Wato ƙarya yake yi. Wannan kuma mai kama da siminti fa? A fasa mini daɓe a sa abin da ya yi kama da ba a gama aiki ba?"

Auta ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Ta turo mai tokar gaban Mama, ta ce ta shafa ta ji. Mama ba ta shafa ba, fuskar 'yarta take kallo. Ta yi shekaru tana aikin jinya a asibiti kafin ta yi ritaya, ta san marar lafiyar da yake saurin cewa "ba komai" kafin a tambaye shi.

"Yaushe Babba ya fara damuwa da ƙasan ɗakina?"

Babba take kiran ɗanta na fari. Ma'aikacin kamfanin inshora ne, mutum ne da sai ka kira shi ka gaji kafin ya aiko da saƙon cewa yana taro. Amma a makon nan shi ne mai kira safe da yamma, kuma duk hirar ba ta wuce tayil: ta ga farin nan? Ai manya ake yi yanzu, guda ɗaya ya kusa girman ƙofa, in an shimfiɗa ba a ganin layi a tsakani, falo ya zama kamar na otal.

"Ni na ce maka ina son zama a otal?"

"Haba Mama, gyara ne kawai."

Ranar Asabar ya zo da wani mutum, ya ce mai awo ne daga shagon tayil. Mama ta amsa gaisuwarsa, idonta a kan takalminsa da ya sha goga da kuma hannuwansa. Ta ga hannun magina iri-iri a ɗakin ɗaurin rauni, siminti ba ya barin fata haka sumul. Mutumin ya ɗan ja tef a falo sama-sama, ya leƙa ɗakunan kwana, ya ɗaga kai yana nazarin silin. Daga nan ya fita tsakar gida, ya auna daga katanga zuwa katanga, ya tambayi ko ruwan famfo yana zuwa kullum. Da za su tafi, ta taga ta hango shi ya tsallaka titi yana ɗaukar hoton gaban gidan da waya, Babba yana tsaye gefensa, hannu a aljihu.

Banɗaki kuwa ko leƙa shi bai yi ba.

Ba a jima ba maƙwabciyarta ta shigo aron dutsen guga. A layin kowa Gidan Rediyo yake kiranta, har ita ma tana amsawa.

"Na ga baƙi. Lafiya dai?"

"Masu tayil ne."

"Tayil a kan titi za a sa, da ake ɗaukar hoton ƙofa?" Ta zauna ba a ce ta zauna ba. "Ni dai ba na son shiga abin da ba ruwana. Amma kin tuna tsohon direban nan na ƙarshen layi? Haka aka fara. Fenti, tayil, sabuwar ƙofa, yana ta sa wa 'ya'ya albarka. Ana gamawa aka kafa allon sayarwa a gaban gidan. Yanzu yana ɗakin baya a gidan ɗansa, kusa da janareta. An ce ko rediyonsa ba ya ji."

"'Ya'yana ba haka suke ba."

"Shi ma haka ya ce."

Bayan ta fita, Mama ta daɗe zaune. Ba ta so maganar ta shige ta ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Ta shiga tuno abubuwa tana jera su. Matar Babba da ta ce mata kwanaki gidan nan ya yi wa mutum ɗaya girma. Auta da ta zo ranar aiki. Yadda Babba da Auta suka yi shiru lokaci guda ranar da ta fito daga kicin da tiren shayi. Abin da ya fi ci mata rai Auta ce. Babba dama tun yana yaro in ya ɓoye abu kunnensa ke motsi, ba ya wuyar kamawa. Amma Auta, wadda har gobe take kwanciya a cinyarta?

A jikin kwalin akwai adireshin shagon. Da safiyar Litinin ta shirya, ta tari tasi, ba ta faɗa wa kowa ba.

Shagon dogo ne, fitilu ko'ina ko da rana. An jingina manyan tayil a jikin ƙarafa kamar shafukan littafi, mutum ya riƙa turawa yana dubawa. An gina 'yan ɗakuna marasa rufi, nan kicin, nan banɗaki da famfon da ba ya kawo ruwa. Daga can baya ana jin kukan injin yanka. Mama ta taka a hankali, domin ƙasan wurin kamar an zuba mai.

Mai shagon mace ce kakkaura, fensir a bayan kunne, bakinta ba ya hutawa. Ba ta tambayi abin da Mama take nema ba ta fara zagayawa da ita.

"Yanzu Mama mutane sun gaji da ƙananan nan masu fure. Ko dai babba sosai, ko mai kama da wani abu: itace, dutse, har mai kama da tsatsar ƙarfe ana saye. Wannan kin ga jikinsa tudu da kwari, na bango ne, in fitila ta haska shi sai ya yi inuwa. Wannan kuma na tangaran ne, ya sha wuta sosai, ba ya shan ruwa. Amma wanda ake rububi a bana, zo ki gani."

Ta turo wani babba. Mama ta gyara tabarau. Fari ne mai 'yan duwatsu baƙi da ja a warwatse.

"Wannan ai tarazo ne."

"Hotonsa dai. Na gasken yanzu ina masu yinsa? Duk wanda yake da shi a gida ya riƙe abinsa. Matasa suna shigowa da hoton gidan kakanninsu su ce irin wannan suke so."

"To ni a gidana aka ce an daina yayinsa."

"Wa ya faɗa miki?"

Mama ta kwatanta Auta, ta kwatanta Babba. Matar ta tafa hannu.

"Ke ce mahaifiyarsu! Allah ya kawo ki, ki raba ni da 'ya'yanki. Ita ta zo ta ce marar santsi take so, mai kaushi, na banɗaki da hanyar da ke zuwa banɗaki kawai. Shi kuma ya bugo waya ya ce a'a, farin nan mai sheƙi, gida gaba ɗaya, wanda zai fito da kyau a hoto. Na ce masa ranka ya daɗe, wannan in ruwa ya ɗiga a kansa ko ɗan wasan ƙwallo sai ya sha ƙasa, balle dattijuwar da ta riga ta faɗi sau ɗaya. Ya ce zai sake kira."

Mama ta dafa ƙarfen da ke kusa da ita.

"Wa ya ce na faɗi?"

"'Yarki. Har da hawayenta." Matar ta dubi fuskar Mama, ta rage murya. "Ko na yi suɓutar baki?"

"Mai awonku da kuka turo ranar Asabar fa?"

"Mu? Ba mu tura kowa ba. Ba a zaɓi kaya ba za a yi awo? Ga mai awonmu can." Ta nuna wani dattijo da ke fitowa daga wajen injin, ya yi fari fat da ƙura har gira.

A cikin tasi Mama ba ta ga hanya ba. Faɗuwar gaskiya ce. A watan da ya wuce ne, da safe, ta fito wanka ƙafarta ta zame a kan tsohon farin tayil ɗin banɗaki, ƙugunta ya bugi bakin baho. Ta jima a ƙasa tana kallon bokitin da ya kife, tana lissafin ƙasusuwanta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take yi wa wasu a da. Babu karaya. Ta ja jiki ta tashi, ta shafa magani, ta ce wa kowa sanyi ne ya kama mata ƙafa. Ta ɓoye ne don ta san abin da zai biyo baya: a fara yi mata magana a hankali kamar yarinya, a fara shawara a kanta a bayan idonta. Ga shi kuwa an yi. Kuma tagar banɗakinta tana kallon tsakar gidan mutum ɗaya ne a duniya.

Tana sauka ta wuce gidan maƙwabciyar kai tsaye.

"Ke kika kira Auta."

Gidan Rediyo tana shanya, ta tsaya da zane a hannu. "Na ji ƙarar bokiti, na ji kin yi salati, na yi ta buga ƙofa shiru. Washegari na gan ki kina jan ƙafa. In yi shiru ki mutu a ciki a ce ina kusa?"

"Sannan kika zo kina ba ni labarin tsohon direba."

"To ai shi ma gaskiya ne. Ni Auta na kira, ban kira mai ɗaukar hoto ba."

Mama ta aika wa 'ya'yan cewa tana son ganinsu ranar Lahadi da yamma, su kaɗai, ban da mata ban da miji. Kafin su zo ta kwashe samfurin duka ta mayar kwali, ta bar biyu a kan teburin tsakiya, farin da mai tokar.

Suka zauna, Babba a kujerar ubansu, Auta a hannun kujerar Mama. Mama ta ce mata ta koma waccan kujerar.

"Na je shagon tayil."

Ta juya ga Auta.

"Ke, wa ya ba ki izinin kai ciwona kasuwa?"

Idon Auta ya cika. "Mama, in na tambaye ki cewa za ki yi ba komai. Na san in na ce don kin faɗi ne ba za ki yarda a taɓa ko'ina ba. Shi ya sa na gaya wa Yaya, muka ce a ce miki gyara ne."

"Muka ce. To. Kai kuma, mutumin da ka kawo mini gida, mai hannu kamar na jariri, a wane shago yake awo?"

Auta ta juya ta dubi yayanta. "Wane mutum?"

Babba ya shafa ƙeya. Ya dubi farin tayil ɗin, ya dubi ƙofa.

"Dillalin gidaje ne."

"Yaya!"

"Tsaya mana. Ba sayarwa na yi ba. So nake kawai in san matsayin gidan, in an gyara da in ba a gyara ba. Tambaya ce."

"Tambaya da hoto?" in ji Mama.

"Mama, ki saurare ni." Ya matso bakin kujera. "Aikina ke nan, kullum takardun irin wannan nake gani. Tsoho ya faɗi a banɗaki, ba kowa a gida, sai an ji wari. Ranar da Auta ta kira ni ina tuƙi, sai da na tsaya gefen titi. Akwai gida a ƙasan benenmu da za a tashi, ɗaki biyu, ba matakala. Na ce in an gyara nan an sayar, ki dawo kusa da ni, in buɗe taga in gan ki. Laifi ne?"

"Da ka tambaye ni, da ba laifi ba ne."

"Da na tambaye ki da kin ƙi."

"Shi ya sa ka zaɓa mini wanda ya fi kowanne santsi?" Ta sa yatsa ta tura farin, ya zame a kan teburin har ya kusa faɗuwa. "Mai tsoron kada uwarsa ta faɗi, wannan yake saya mata?"

Babba ya tare tayil ɗin da hannu. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ai ba za ki daɗe a kansa ba, a lissafina."

"A lissafinka."

Auta ta miƙe tsaye. Ta ce ashe da ita aka yi amfani, ita ce 'yar aiken da ta ɗauko kwali, ita za a ce ta kori uwarta daga gida. Babba ya ce ita da take zuwa sau ɗaya a mako ba ta da bakin magana. Ta ce shi da yake zuwa sau ɗaya a wata fa? Suka hau juna kamar lokacin da suke faɗa a kan wanda zai zauna gaban mota, har aka tono maganar kekensa da ta karya tun suna firamare.

Mama ta bar su sai da suka gaji. Tana kallon ɗanta tana aunawa. Tsayawar gefen titin da ya faɗa ta yarda da ita, don ta ga idonsa lokacin da yake faɗa. Amma ta san unguwar ta yi daraja, ta san gidaje nawa aka rushe a layin aka tayar da benaye, ta kuma san matarsa ta iya lissafi. Wanne ya fi nauyi a zuciyarsa, tsoron ko kuɗin? Ta haife shi, ta yi masa wanka, ta san kowane tabo a jikinsa, amma wannan ba ta iya gani ba. Wataƙila shi ma bai sani ba.

"Ku zauna," ta ce. "Na faɗi, gaskiya ne, kuma ɓoyewar da na yi wauta ce. Za a fasa banɗaki a sa mai kaushin nan, har zuwa ƙofar ɗakina. Falo da sauran ɗakuna ba mai taɓa su. Gidan nan kuma, ranar da na ga ba zan iya ba, da bakina zan faɗa, ni zan kira dillalin da kaina. Kafin nan duk wanda ya sake kawo mini baƙo da sunan ƙarya, ya tsaya tare da shi a waje."

Babba ya tashi ya tafi ba tare da ya sha shayinsa ba. Ya yi makonni bai kira ba, Mama ma ba ta neme shi ba. Auta ta riƙa zuwa bayan an tashi makaranta, tana ta kaffa-kaffa, har sai da Mama ta ce in ta ƙara riƙe mata hannu a kan tudun ƙofa za ta mare ta.

Masu aiki suka zo suka fasa, gida ya cika da ƙura da ƙarar guduma. Mama ta kafa kujera a bakin hanya, ba wanda ya shiga ko ya fita ba ta san me ke hannunsa ba. Wani da ya ciro waya zai ɗauki hoton aikinsa sai da ya yi mata bayani har ya yi gumi.

Ranar da aka ce siminti ya kama, ana iya takawa, da la'asar ta ji tsayuwar mota. Babba ne, da kayan ofis, riƙe da wani ƙarfe mai lanƙwasa da injin huda bango. Ya gaishe ta yana kallon gefe.

"Mariƙi ne. Na jikin bango, kusa da baho."

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

Ta bi shi ta tsaya a bakin ƙofa. Ya naɗe hannun riga, ya huda, ya ɗaura, ya rataya nauyinsa duka a jikin ƙarfen ya ga bai motsa ba. Sannan ya cire takalmi da safa, ya tara ruwa a bokiti ya sheƙa a ƙasa, ya ɗauko sabulu ya goga a wuri ɗaya. Ya taka, ya murza ƙafa, ya sake murzawa da ƙarfi, bakin wandonsa ya jiƙe sharkaf.

"Takardun gidan na kai wa kawunku ya ajiye," Mama ta ce. "Gara ka ji daga bakina."

Ƙafarsa ta tsaya. Ta zuba wa bayan wuyansa ido, tana jira ta ga abin da zai nuna. Bai juyo ba.

"Ya yi," ya ce. Ya ɗauraye sabulun, ya bi kumfar da ruwa har ta shige rariya. "Nan gefen ruwa yana ɗan kwanciya, zan sa su dawo su duba. Zo ki taka ki ji."

Ya miƙo hannu. Mama ta dubi hannun, ta dubi ƙarfen. Ta cire silifas, ta kama ƙarfen da dama, ta shiga. Ƙasan ya riƙe tafin ƙafarta kamar yashi mai laushi. Ta yi taku biyu zuwa wajen famfo, ta juyo, sannan ta ɗora hagunta a kan damtsensa.

"Je ka nemi tsumma ka goge ƙafarka," ta ce, "kada ka ɓata mini falo."